Ciyawar Tsakar Gida Ta Haɗa Ni da Maigidana

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a nan Damagaram, ina da ƴaƴa huɗu. Shekara uku ke nan da muka tare a gidan da maigidana ya gina, kuma tun kafin a gama shafe ya keɓe fili mai tsawon mita 8 da faɗin mita 5 a tsakar gida, ya shuka ciyawar ado domin yara su samu wurin wasa. Irin da yake shukawa cikin leda ake kawo masa shi daga waje. Lokacin sanyi ciyawar tana yin kyau har baƙi suna yabawa, amma da zafi ya shigo sai ta fara ƙonewa daga gindin bango, kafin ƙarshen Afrilu duk ta bushe, wata shekara kuma ya sake sayen iri. Ɗan ƙanensa da ke karatu a wurinmu shi ne ke yayyafa mata ruwa jarka uku kullum idan ya dawo makaranta da rana, kuma shi ke shan faɗa idan ta bushe. Abin da ya fi damuna shi ne ruwan. A bazara famfonmu yakan kwana biyu ko uku bai kawo ba, sai mun saya wurin ƴan garuwa, maƙwabta kuma suna aiko yara neman ruwa su tarar ana zuba wa ciyawa. Surukata ta ce almubazzaranci ne, ta ce ni ya kamata in faɗa masa tun da ni ce a gidan. Da na yi masa maganar sai ya ce ban damu da abin da ya sha wahala a kansa ba, muka yi kwanaki gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ga sanyi yana wucewa, zafi ya kusa. In nace a tumɓuke ta ne, ko akwai wata dabara?

Wata uwargida, Zinder

Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Na karanta wasiƙarki da natsuwa, kuma abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne matsayin da aka sa ki a ciki, tsakanin miji mai son abinsa, da suruka mai ganin ɓarna, da maƙwabtan da kike jin kunyar haɗa ido da su, alhali ba ke kika shuka ciyawar ba. Damuwarki tana kan hanya. Sai dai ina so ki ajiye maganar tumɓukewa tukuna, domin daga bayanin da kika yi, ciyawar nan tana mutuwa ne saboda dalilai sanannu waɗanda ake iya gyarawa, kuma idan aka gyara su ruwan da take ci zai ragu ƙwarai, rigimar ma za ta ragu tare da shi.

Bari mu fara da irin, domin ina kyautata zaton nan ne tushen matsalar. Ciyawar ado iri biyu ce a dunƙule. Akwai ta ƙasashen sanyi, wadda take jin daɗin girma idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 da 24, akwai kuma ta ƙasashen zafi, wadda sai ma'aunin ya kusa digiri 30 ko ya ɗan haura take sakin jiki. Ciyawar da ke yin shar a Disamba da Janairu, lokacin da darenmu ke sauka wajen digiri 15, sannan ta ƙone ƙurmus a Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, ta nuna dukkan alamun ta ƙasashen sanyi ce. Idan ledar irin tana nan, ki sa a duba bayanta. In aka ga an rubuta Lolium ko Festuca, to magana ta ƙare, domin waɗannan ciyayi ne da suka dace da yanayin Turai. Ganyen ciyawa yana fitar da ruwa ta wasu ƙananan ƙofofi, kuma da wannan fitarwar yake sanyaya kansa. Idan zafi ya tsananta, iska kuma ta bushe, ganyen yana zubar da ruwa fiye da abin da saiwa ke iya janyowa, sai ya rufe ƙofofin, sanyayawar ta tsaya, haɗa abinci ma ya tsaya, ciyawar ta koma cin ajiyarta har ta ƙare. A lokaci guda ƙasar da kanta ta yi zafi, saiwar irin wannan ciyawa ta daina girma, ta fara mutuwa daga ƙasa tun kafin ido ya ga wani canji a sama. Ko da za a kwana ana tuttula mata ruwa, da wuya ta tsallake Mayun Damagaram. Abin da kika lura da shi na cewa daga gindin bango take fara ƙonewa shi ma yana da dalili, domin bangon siminti yana shan rana wuni guda, sannan ya yi ta amayar da zafin a kan abin da ke kusa da shi har cikin dare.

Dalili na biyu shi ne yadda ake ba ta ruwan, kuma a nan ina roƙonki ki tsaya wa yaron nan, domin faɗan da yake sha bai cancance shi ba. Ki dubi lissafin da kanki. Filinku murabba'in mita 40 ne. Jarka uku masu cin lita 25 sun ba da lita 75, wato kowane murabba'in mita bai samu ko lita biyu cikakku ba. A tsakiyar bazara kuwa, ciyawar da ake so ta zauna kore a ƙarƙashin ranarmu tana buƙatar abin da ya kai lita 5 zuwa 7 a kowane murabba'in mita a kowace rana. Idan muka ɗauki lita 6, filin yana neman lita 240 kullum, kusan jarka goma ke nan, yaron kuma uku aka ba shi ya zuba, da tsakar rana, lokacin da wani kaso na ruwan ke tashi sama tun bai shiga ƙasa ba. Yayyafin kullum yana da wata illar da ta fi wannan: saman ƙasa kaɗai yake jiƙawa, saiwa kuma inda danshi yake nan take tsayawa, saboda haka sai ta taru a sama, a daidai wurin da ya fi ko'ina zafi da saurin bushewa. Ranar da famfo ya ɗauke aka tsallake ban ruwa, ciyawar ba ta da wata saiwa mai zurfi da za ta riƙe ta. Yaron ya yi abin da aka umurce shi ne, yana zaune a gidan da ba na iyayensa ba, kuma irin wannan faɗan yakan daɗe a zuciyar yaro fiye da yadda manya ke zato.

Wannan lissafi shi ne kuma ya gaskata surukarki a wani ɓangare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana domin sha da girki da ɗan tsafta, don haka ruwan da zai riƙe filinku kore a rana ɗaya ya kai na mutum goma sha biyu. Mu kuwa mun san garinmu. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya samuwa cikin sauƙi a cikin gari, shi ya sa ake janyo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na mayar da babban birnin ƙasa daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Dattijuwar da ta tashi tana ganin mata suna bin layin ruwa tun kafin asuba ba za ta iya kallon ana zuba jarka a kan ciyawar da ba a ci ba, ba a kai wa dabba ba, ta yi shiru. Inda nake ganin ba ta kyauta miki ba shi ne aiken da ta ɗora miki. Ɗanta ne, maganarta ta fi taki nauyi a wurinsa, kuma saƙon uwa idan ya bi ta bakin mata yakan isa kunnen miji da wata kama dabam. Idan ta sake tayar da zancen, ki ce mata cikin ladabi: “Inna, na ji, kuma muna kan gyarawa, amma idan daga bakinki ya ji zai fi karɓa.”

Shi ma maigidanki ina so ki dube shi da idon rahama. Mutumin da ya keɓe wa ƴaƴansa wurin wasa tun ginin bai ƙare ba, ya kuma koma ya sake shuka bayan ya ga ta mutu a gabansa, ba ɓarna ya nufa ba. Yana son ya dawo gida daga cikin ƙura da ƙuna ya tarar da wani abu kore da ya fito daga hannunsa, kuma wannan buri ne mai kyau. Da kika yi masa maganar ruwa, abin da ya ji shi ne an raina wahalarsa, wataƙila kuma ya gane cewa muryar mahaifiyarsa ce a bayan taki. Saboda haka idan za ki sake buɗe zancen, ki zaɓi lokacin da ya huta, bayan ya ci abincin dare, babu yara babu baƙo, ki fara da abin da kuka haɗu a kansa, wato ke ma kina son ciyawar ta rayu, kuma kin gaji da ganin kuɗinsa yana tafiya a iri duk shekara. Daga nan ki kawo masa lissafin jarkokin a rubuce, ki bar shi ya duba da kansa, kada ki ambaci surukarki ko maƙwabta a wannan zaman. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, kuma idan ya ga cewa gyara kika zo da shi, ina sa ran zai saurare ki.

Shawarar da zan so ki gabatar masa tana da rassa biyu, canja iri da rage fili. Irin da ya dace da mu ba sai an aika waje ba, domin kiri-kiri ce, wannan da ke bin ƙasa a bakin tafki da gefen lambuna, masu lambu suna fama da ita saboda naci. Masana suna kiranta Cynodon dactylon, kuma danginta ne ake shimfiɗawa a filayen ƙwallo na ƙasashen zafi da yawa. Tana yaɗo a sama, tana kuma da jijiyoyi masu tafiya a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda a cikinsu take ajiye abinci; idan ruwa ya yanke sai ganyenta ya bushe ta kwanta, da ta sake jin danshi kuma ta toho daga waɗannan jijiyoyin. Da dashe ake kafa ta, ana yanko rassanta masu gaɓoɓi a binne su a jere da tazarar kamar taƙi ɗaya, kuma masu sayar da dashen itatuwa a cikin gari ko masu lambun Miriya za su iya samo muku ita. Abubuwa biyu ne ya kamata ku sani game da halinta. Ba ta son inuwa, don haka ba za ta yi kauri a ƙarƙashin dogon yaro ba, ga shi kuma saiwarsa za ta riƙa ƙwace mata ruwa. Sannan tana da mamaya, idan ba a yi mata iyaka da bulo da aka nutsa cikin ƙasa ba za ta shiga duk inda kika shuka wani abu.

Game da fili kuwa, ma'aunin da nake ba kowa shi ne kada girman ciyawa ya wuce ruwan da gida zai iya ba ta a mafi tsananin makon bazara ba tare da an taɓa na sha da na girki da na maƙwabci ba. Mita 4 a tsaye da 3 a kwance sun ishi yara huɗu birgima, sun ishi maigida ya shimfiɗa tabarma da yamma, kuma buƙatarsu ba ta wuce jarka uku a rana ba, daidai abin da kuke zubawa yanzu ba tare da ganin amfaninsa ba. A zaɓi wurin da ke samun ranar safe da ta hantsi, wanda inuwar ɗaki ke rufewa bayan la'asar, a kuma bar tazarar rabin mita ko fiye tsakaninsa da bango. Sauran filin a zuba masa rairayi mai tsabta kamar yadda iyayenmu ke yi, a kafa rumfa a gefe guda, a dasa lalle ko zogale a jikin bango, domin su kan jure rani da ruwa kaɗan idan sun kafu, suna kare zafin simintin, kuma ke ma za ki ci moriyarsu. Idan wani ya ba shi shawarar shimfiɗa ciyawar roba, ku yi hattara, domin a ƙarƙashin rana takan yi zafin da yaro ba zai iya taka ta ba takalmi ba, sai dai in a inuwar rumfa za a sa ta.

Lokacin yin aikin yana da muhimmanci kamar aikin kansa. Kada a dasa komai yanzu da zafi ke ƙaratowa. A jira damina ta sauka sosai, ƙarshen Yuni ko cikin Yuli, domin ruwan sama ya ɗauke muku nauyin kafa ta, ta samu wata uku tana zurfafa saiwa kafin rani. Kafin dashen a kafce ƙasar zurfin santimita 20 zuwa 25, a tsince ɓaraguzan siminti da guntayen bulo da magina suka binne, waɗanda kusan kowane sabon gida yana da su, sannan a cakuɗa ta da takin gargajiya mai yawa. Wannan takin shi ne maganin ƙasarmu mai yashi, wadda ruwa ke ratsawa ya wuce ba ta riƙe shi ba. Sai dai lallai ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya yi baƙi, ya daina wari, yana marmashewa a hannu; ɗanyen kashin dabba yana ƙona dashe, yana janyo gara, yana kuma zuwa da ƴaƴan ƙarangiya da sauran ciyayin da ba ku gayyata ba.

Bayan ta kafu, shirin bazara tun daga kaka yake farawa. Da damina ta ɗauke, a fara horar da ita da ban ruwa mai nisa tsakani amma mai zurfi: kowane kwana uku ko huɗu a zuba mata a hankali har danshi ya kai santimita 15 zuwa 20, kuma da asuba, bayan an fito masallaci, kafin rana ta ɗaga. Hanyar aunawa ba ta da wuya, a samu guntun rodi ko doguwar ƙusa a caka a ƙasa bayan an gama, inda ya shiga cikin sauƙi nan ruwan ya kai, inda ya cije nan ya tsaya. Ciyawar ma takan sanar da ƙishinta, domin ganyen yakan nannaɗe, launinsa ya dusashe zuwa toka-toka, kuma idan aka taka ta sawun ƙafa yakan zauna bai tashi ba. Inda yara suka fi tattakewa ƙasar takan taurare har ruwa ya riƙa gangarewa, sai a huhhuda wurin da rodin nan a cikin watan Fabrairu, a barbaɗa siririn ruɓaɓɓen taki a share shi cikin ramukan da manjagara. Idan zafi ya kama, a rage yawan yanka, a bar ta ta ɗan yi tsayi domin ganyen ya yi wa ƙasa inuwa, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayinta a yanka guda, kuma almakashin ya zama mai kaifi, domin dakusasshe yayyaga ganyen yake yi bakinsa ya bushe. Takin zamani, musamman uriya, a ɓoye shi har damina. Masu ciyawa da yawa suna ganin ta yi rawaya a Afrilu sai su zaci yunwa ce su watsa mata shi, alhali yana tilasta mata fitar da sabon ganye mai neman ruwa a lokacin da babu ruwan, gishirinsa kuma yana ƙona saiwa a busasshiyar ƙasa.

Akwai ruwan da ke fita daga gidanki kullum wanda zai iya ɗauke rabin wannan nauyin ko fiye. Ruwan alwala, da na wanke shinkafa da kayan miya, da na ɗaurayar ƙarshe ta wanki, duk ciyawa tana shansu. Ki ajiye babban baho a wurin alwala, a juye shi a kan ciyawar a ranar, kada a bar shi ya kwana biyu ya yi wari ko sauro ya samu wurin ƙwai. Ruwan da ya sha Omo sosai ko aka zuba masa Javel, wato ruwan bilic mai faranta tufafi, da na wanke kwanuka masu maiƙo, da na wanke tsumman jarirai, waɗannan kada su je wurin, saboda gishirin sabulu yana taruwa a ƙasa, kuma a nan ƴaƴanki za su riƙa kwanciya.

Abu na ƙarshe da ya kamata ku yi yarjejeniya a kansa tun yanzu, tun rai bai ɓaci ba, shi ne abin da za a yi a makon da famfo ya ɗauke. Shawarata ita ce duk ranar da ruwan gida ya koma na saye, ko maƙwabci ya aiko yaro da jarka, mutane ne a gaba, ciyawa kuma ta haƙura da na alwala. Kiri-kiri da ta kafu za ta iya ɗaukar wannan. Za ta yi ja, maigida zai ji ba daɗi, amma idan yana so ya tabbatar tana da rai, ya kama tsagi ɗaya ya ja: in ta riƙe ƙasa, jijiyarta kuma fara ce mai tauri idan aka tona, to kwanciya ta yi, in ta fito a hannu ba gardama, baƙa mai rugurgujewa, wannan ɓangaren ya mutu sai a cike shi da damina. A irin wannan hali jiƙo ɗaya mai zurfi cikin kwana goma zuwa mako biyu ya isa ya riƙe ranta, a kuma hana yara wasa a kanta har ta farfaɗo. Abin da ke wahalar da ita shi ne a tashe ta da ruwa mai yawa ta fitar da toho, sannan a sake yanke mata, domin kowane toho daga ajiyarta take ciro shi.

Ita kuwa ciyawar da ke filin yanzu, bana ma ba za ta tsallake ba, kuma zai fi sauƙi idan maigida ya san haka tun kafin ya gani. Ki roƙe shi ya bar ta ta tafi ba tare da an ƙara sayen jarka ko ɗaya dominta ba, busasshen ganyenta kuma a bar shi a wurin ya rufe ƙasa daga rana da iska har zuwa lokacin kafce. Kuɗin irin da zai saya a tara shi a sayi taki tun yanzu, a jibge shi a lungu a riƙa ɗan yayyafa masa ruwan wanke-wanke yana ruɓewa kafin Yuni. Idan zai yiwu, ki nemi ya ɗauki yaron su je wurin masu lambun tare, ya kuma damƙa masa auna filin da kula da ban ruwan asuba, tare da gaya masa a gaban kowa cewa bushewar baya ba laifinsa ba ce. Idan kuma duk da wannan ya ƙi sauraro a zaman farko, kada ki matsa, ki bar takardar lissafin a inda zai gan ta, ki sake ɗaga maganar bayan mako guda, ko ki nemi wani amininsa mai lambu ya zo ya duba ƙasar ya faɗa masa da bakinsa. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya kuma kawo mana damina mai albarka.